Gayyar da ba a dafa tuwo: zare kan gasar zane da masu neman aiki a banza

1/ Jama'a, tun jiya mutum uku suka turo min wata sanarwa ta bayan fage, kowa na cewa "Malam ga dama, ka shiga." Wani kamfani ne ke neman sabon tambari. Kowa ya zana ya turo, wanda nasa ya fi burge su zai samu kyauta. Ba zan shiga ba, kuma yau sai na faɗi dalili. Zaren na da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/ Ba zan kama sunan kamfanin ba, don ba su kaɗai ba ne. Gidan burodi ya yi, makaranta mai zaman kanta ta yi, mai turare ya yi, 'yan takara kam ba a magana. Abin ya zama yayi: maimakon ka ɗauki mutum ɗaya ka biya shi, sai ka watsa aikin a intanet, mutum ɗari su yi, ka biya ɗaya.

3/ Ni ma na taɓa faɗawa, shi ya sa nake da bakin magana. Ina sabon hannu wani kamfanin kayan sha ya sa irin wannan gasa. Kwana huɗu na yi a kai. Lokacin babu wuta a unguwarmu, shagon caji nake kai kwamfuta in zauna a benci ina jira. Zane uku na tura.

4/ Ba ni na ci ba, kuma ban ji haushi ba, ai gasa ce. Bayan watanni na shiga shago sayen sabulu, sai ga kwalbarsu a firiji. Tambarin na wanda ya ci ne, amma launin, da yadda aka karkata rubutun, da ɗan ganyen da ke gefe, wallahi daga zanena na biyu aka ɗauko. Na tsaya ina kallo har mai shago ya ce "lafiya dai?"

5/ Na rubuta musu. Amsar layi biyu ce: in koma in karanta sharuɗɗan gasa. Na koma. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an ce duk abin da aka turo ya zama mallakar kamfani, ko ya ci ko bai ci ba. Ni da yatsana na danna "na amince". Wa zan kai ƙara?

6/ Mu yi lissafi irin na 'yan firamare. A ce kyautar Naira 100,000 ce, mutum 200 suka shiga, kowa ya ɓata awa 10. Aikin awa 2,000 kenan. Raba 100,000 gida 2,000, ka samu Naira 50 a kowace awa. Je bakin kasuwa ka ce wa ɗan dako ya yi maka awa guda a Naira 50, ka dawo ka faɗa mana amsarsa.

7/ Kuma ita ma Naira 50 ɗin a takarda take kawai. A zahiri mutum ɗaya ya kwashe duka, 199 sun tashi da asarar data, asarar caji, asarar barci. Kamfani kuwa ya samu dabaru 200 da zai zauna ya tsince, da talla kyauta, a farashin da bai kai na aiki ɗaya mai kyau ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

8/ Masu kare abin suna da kalma mai daɗi. Wai ai gayya ce ta zamani, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. To tunda sun taɓo gayya, mu yi maganar gayya. Ni ɗan ƙauye ne, na yi ta da fartanyata, ba labari aka ba ni ba.

9/ Mai gona zai bi gida gida ya sanar. Ranar aiki tun asuba mata suna kan murhu. Ga kunu, ga fura, ga tuwo da rana, ga goro, wani lokaci har da makaɗa suna zuga samari. Wanda ya fi kowa noma za a yi masa kirari, amma wanda ya zo na ƙarshe ma sai ya ci ya ƙoshi.

10/ Sannan gayya bashi ce. Yau gonata, jibi gonarka. In kuma an yi wa tsoho ko marar lafiya, an san don Allah aka yi, kowa ya sani tun daga gida. Mutumin da ya kira gayya sau biyu bai je ta kowa ba, a ta uku shi kaɗai zai tsinci kansa a gona da shi da ɗansa.

11/ Yanzu ku ɗauka wani Alhaji ya tara samari 200 a gonarsa, ko ruwan sha babu. La'asar ta yi ya zagaya ya duba, ya ce kunyar wane ta fi miƙewa, ga ladansa, saura Allah ya saka da alheri. Amfanin gonar kuma duk nasa. A wane gari za a yi wannan a kwana lafiya? Amma a intanet har godiya muke yi.

12/ Ba a nan aka fara salon ba. A watan Yunin 2006 wani ɗan jarida, Jeff Howe, ya yi rubutu a mujallar Wired ta Amurka, ya raɗa wa abin suna da Turanci, ya haɗa kalmar "taron jama'a" da ta "ba da aiki waje". Ma'ana aikin da ma'aikaci ke yi a da, a jefa shi ga duk wanda ya ga dama a intanet. Ni zan kira shi gayyar intanet.

13/ Misalin da ya buɗe rubutun da shi ya ishe mu darasi. Wata ma'aikaciyar gidan tarihin lafiya a Washington tana neman hotuna. Wani ƙwararren mai ɗaukar hoto ya yi mata ragi, Dala 100 zuwa 150 kowane hoto. Kafin su gama ciniki ta gano shafin iStockphoto, inda ta samu hotuna a kusan Dala 1. Ta ce masa ta fasa.

14/ Su wa suka ɗauki hotunan Dala 1? Ɗalibai, injiniyoyi, matan gida, mutanen da kyamarar zamani ta yi araha suka saya don sha'awa. Ba da hoto suke ciyar da iyali ba, don haka ko nawa aka ba su riba ce. Shi kuwa wancan da hoto yake biyan haya. Ta yaya zai yi gogayya da wanda bai damu da a biya shi ba?

15/ A Kanada aka kafa iStockphoto a 2000. A 2006 Getty Images, babban dillalin hotuna, ya saye shi Dala miliyan 50. Ku tambayi kanku, me aka saya? Ginin ofis? Hotunan jama'a aka saya, da su kansu jama'ar da ke ci gaba da turowa. Kuɗin cinikin kuwa masu shafin ne suka karɓa.

16/ Kuma bayan an saye, kason mai hoto bai ƙaru ba. Wanda bai keɓe hotunansa ga iStock kaɗai ba, kashi 15 cikin 100 yake samu a hoton da shi ya ɗauka da kyamararsa, da kuɗin motarsa. 85 na mai rumfa. Ko dillalin kara a kasuwar shanu bai taɓa mafarkin irin wannan la'ada ba.

17/ Daga hoto aka gangaro kan zane. A 2008 aka kafa 99designs a Melbourne ta Ostireliya. Tsarin shi ne wanda kamfanonin garinmu ke kwaikwayo yanzu: mai aiki ya sa kyauta, masu zane daga ko'ina su turo, ya zaɓi ɗaya. A wasu gasannin ma, in ya ce babu wanda ya yi masa, sai a mayar masa da kuɗinsa. An yi aiki, babu wanda aka biya.

18/ Masu zane a can ba su yi shiru ba. Ƙungiyarsu ta Amurka, AIGA, ta daɗe tana da matsaya a rubuce tana gargaɗi a kan aikin da za ka yi tukuna, sannan a ga ko za a biya ka. Duk da haka kasuwar ta ci gaba, har Vistaprint ya saye 99designs a 2020. Nan ma mai rumfa ne ya sayar da rumfarsa da tsada.

19/ Amma akwai ranar da haɗin kai ya yi aiki. Oktoban 2010 kamfanin tufafi na Gap ya sauya tambarinsa, mutane suka yi ca a kansa. Sai ya fito a Facebook yana cewa to jama'a su turo nasu zanen. Masu zane suka ce haba, kamfani mai shaguna dubbai yana roƙon aiki kyauta? Cikin kusan mako guda ya janye, ya koma tsohon tambari.

20/ Marubuta, kar ku ce wannan rigimar masu zane ce, ku matso. Jaridar intanet ta Huffington Post, da aka kafa a 2005, ta girma da rubutun dubban mutane da ba a biya ko sisi. Abin da aka ce musu shi ne abin da ake ce muku yau: za a karanta ka, sunanka zai fita.

21/ A Fabrairun 2011 kamfanin AOL ya saye jaridar Dala miliyan 315. Marubutan suka kai ƙara suna neman Dala miliyan 105. A 2012 kotu ta kori ƙarar. Hujjar alƙali mai sauƙi ce: tun farko sun san ba za a biya su ba, kuma babu wanda ya tilasta musu. Ku sake karanta wannan, don shi ne hukuncin da ke jiranmu duka.

22/ 'Yar'uwa marubuciya, duk shafin da ya ce turo labarinki a buga "don ƙarfafa gwiwar masu tasowa", duba ko akwai talla a shafin. In akwai, wani na cin kuɗi da labarin. Ba laifi ba ne ki ba da kyauta in kin ga dama. Laifin shi ne a sa ki ji kamar ke aka yi wa alfarma.

23/ Akwai wani hawa na gayyar da ya fi wannan ɓoyuwa. A 2005 Amazon ya buɗe Mechanical Turk, kasuwar ƙananan ayyuka: duba hoton nan ka faɗi abin da ke ciki, saurari muryar nan ka rubuta, a biya ka 'yan santi. Mai aiki na da damar cewa aikinka bai yi ba, ya ƙi biya.

24/ Sunan ma abin lura ne. A 1770 wani mutum, Wolfgang von Kempelen, ya ƙera wani akwati da mutum-mutumi sanye da rawani, wai injin da ke buga ces, darar nan ta Turawa, yana cinye mutane. Ashe gwani ne a ɓoye cikin akwatin yana motsa hannun. Sunan wannan akwati Amazon ya ɗauka. Su da kansu sun faɗa maka: akwai mutum a ciki, ba a dai so ka gan shi.

25/ Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya bi ayyuka miliyoyi a wannan kasuwa, ya samu cewa matsakaicin abin da ma'aikaci ke samu bai fi kusan Dala 2 a awa ba. Kashi 4 cikin 100 kacal ke wuce Dala 7.25, mafi ƙarancin ladan awa a dokar tarayyar Amurka. Saboda an kira su "masu zaman kansu", dokar ba ta hau kan mai aiki ba.

26/ Kuma da wannan gumi aka gina abin da ake ta yi mana kuri da shi yau. ImageNet, rumbun hotuna sama da miliyan 14 da aka koya wa kwamfuta gane abubuwa da shi, kusan mutum 50,000 ne daga ƙasashe 167 suka zauna suna tantance shi ta Mechanical Turk. Ana maganar ƙirƙirarriyar basira, ba a maganar su.

27/ Kai ma da kake karanta zaren nan ka yi musu aiki. Ka tuna karkatattun kalmomin da ake sa ka rubuta don a tabbatar kai mutum ne? reCAPTCHA kenan, an fara a 2007, Google ya saye a 2009. Kalmomin daga tsofaffin littattafai da jaridu suke, waɗanda kwamfuta ta kasa karantawa. Kai ka karanta mata, a kyauta.

28/ In kuna ganin abin na nesa ne: matasa da yawa a Najeriya da Kenya sun dogara da Remotasks, shafin kamfanin Scale AI, suna yi wa hotuna da bidiyo alama ana biyansu da Dala. A Maris ɗin 2024 aka wayi gari an rufe ƙofa ga ƙasashen. Babu sallama irin ta ma'aikaci, don a takarda ba ma'aikata ba ne. Taro ne, an watse.

29/ To, kar wani ya ce Malam ya tsani duk aikin taro. Ina! Akwai gayya ta gaskiya a intanet, kuma ina cikin masu yin ta. Wikipedia tun 2001 da hannun 'yan sa-kai take tafiya, har da ta Hausa. Babu wanda ake biya don ya rubuta, amma babu talla, kuma abin da aka rubuta na kowa ne, kowa na iya kwafa ya yi amfani.

30/ Haka OpenStreetMap, taswirar da jama'a ke zanawa tun 2004. Da girgizar ƙasa ta afka wa Haiti a Janairun 2010, 'yan sa-kai daga ƙasashe daban daban suka zauna cikin kwanaki suka zana titunan Port-au-Prince, masu agaji suka yi aiki da ita. Wannan rijiyar gari ce, kowa ya haƙa, kowa zai sha.

31/ Ko a kasuwanci ma ana iya yi da adalci. LEGO, kamfanin kayan wasan yara na Denmak, yana karɓar dabarun jama'a. In dabararka ta samu goyon bayan mutum 10,000 za a duba ta. In aka ƙera aka sayar, kana da kashi 1 cikin 100 na cinikin, kuma da sunanka. Kaɗan ne, amma duk kwalin da aka sayar kana ciki.

32/ Kun ga ashe ba yawan mutane ne matsalar ba. Tambayar ita ce, bayan an gama, gonar wa aka noma? In amfanin na kowa ne, bismilla, a yi don Allah. In kuwa na mutum ɗaya ne da zai kai kasuwa ya sayar, to ya biya waɗanda suka yi noman. Duk sauran surutun ado ne.

33/ Na san abin da za a cika min ƙasan zaren nan da shi, bari in rage muku wahala. Na farko: "Ai ba a tilasta wa kowa ba." Gaskiya ne. Mai sayen hatsin manomi da rabin kuɗi tun yana gona, don ya san yaronsa na asibiti, shi ma bai tilasta masa ba. Yaron da ya gama digiri shekara uku babu aiki, me za ka sa masa a gaba ya ƙi?

34/ Na biyu: "Zai samu suna." Dan Allah a cikin masu karatun nan wa zai iya faɗa min sunan wanda ya zo na bakwai a wata gasar tambari? Ko na ɗayan ma, bayan mako biyu wa ke tunawa? Sunan da ya fita shi ne na kamfani, don shi aka ce kowa ya ambata, ya bi shafinsa, ya kira abokai biyar.

35/ Wannan na kiran abokai ma shi ne ainihin cinikin. Da zarar an ce "wanda ya fi samun masu so shi ya ci", to an daina gasar zane, an koma gasar dangi. Yaro zai kwana yana roƙon 'yan ajinsu da 'yan islamiyyarsu su danna masa. Kamfani ya samu mabiya dubbai bai biya kuɗin talla ba, wanda ya fi jama'a ya ci ko zanensa bai da kyau.

36/ Na uku: "Ai tutar Najeriya ma ta gasa aka samo ta." Haka ne. A 1959 aka zaɓi zanen Michael Taiwo Akinkunmi, ɗalibi a Landan, aka cire jar ranar da ya sa a tsakiya, aka ba shi Fam 100. Amma ƙasa sau ɗaya take zaɓen tuta, kuma tutar ta kowa ce. Alhaji, gidan burodinka ba ƙasa ba ne.

37/ Kuma ku duba shi kansa wanda ya ci. Tuta ta tashi 1 ga Oktoban 1960, sai a 2014 aka ba shi lambar girma ta ƙasa, bayan shekara 54. Ya rasu a 2023. In wanda ya ci gasar da ta fi kowace girma a tarihin ƙasar nan sai da ya jira rabin ƙarni kafin a waiwaye shi, kai da ka zo na arba'in a gasar ruwan leda me kake jira?

38/ Na huɗu, kuma shi ne mai nauyi: "Ni ƙaramin ɗan kasuwa ne, ba ni da kuɗin ƙwararre." Wannan na ji shi, don ni ma ƙaramin ne. Amma kuɗin da ka ware na kyauta, ka kira yaro ɗaya mai tasowa ka ba shi a matsayin lada mana. Kuɗin bai ƙaru ba. Bambancin kawai mutum 199 ba su yi asarar kwanakinsu ba.

39/ Kuma bari in faɗa maka abin da masu zuga ka ba za su faɗa ba: kai ma ana cutar ka. Wanda ya san da wuya a biya shi ba zai zauna ya fahimci kasuwarka ba. Bai tambaye ka su wa ke saye ba, bai san a kan leda za a buga ko a allo ba. Harbi yake a duhu, ya tura wa gasa biyar a dare ɗaya.

40/ Saboda haka da yawa sai su ɗauko zanen wani a intanet, su sauya launi, su manna sunanka. Yanzu ma da manhajojin ƙirƙirarriyar basira abin ya fi sauƙi, minti biyu an gama. Ka buga buhu dubu goma, ka yi allo, ka fenta mota, sai wata rana takardar lauya ta iso cewa tambarin na wani ne. Wa za ka kama? Lambar ma a kashe take.

41/ Ko ba sata, akwai bayan aiki. Mai buga leda zai ce a turo masa fayil ɗin da za a iya faɗaɗawa ba tare da ya dushe ba. Mai ɗinkin hula zai ce launukan sun yi yawa, a rage zuwa biyu. Wanda ka biya lada zai ɗaga waya ya gyara. Wanda ya ci gasa ya karɓi kyautarsa ya yi gaba. Araha ba ta ado, iyayenmu sun gama magana.

42/ Ɓarnar da ta fi damuna ita ce ta farashi. Da zarar 'yan kasuwa biyar sun ga ana samun zane 200 a kuɗin ɗaya, shi kenan, duk wanda ya faɗi kuɗin aikinsa ya zama mai tsada. Ƙwararru su bar sana'ar su koma sayar da waya. Nan da shekara goma wa zai koya wa yaran? A shagon wa za su zauna?

43/ Don mu a shago muka koya. Ka share, ka sayo wa maigida abinci, ya ba ka ƙaramin aiki, ya duba ya ce wannan rubutun ya matse, sake. Gasa ba ta ce maka sake. Ba ta faɗa maka me ya sa ka faɗi. Shiru kawai za ka ji, ka ɗauka ba ka iya ba, alhali wataƙila ko buɗe saƙonka ba a yi ba.

44/ Yanzu mu juyo kanmu, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke rububin shiga. Mu ne wani zai ce zai yi a dubu biyar, wani ya bi ta baya ya ce dubu biyu. Teloli na da ƙungiya, masu Keke Napep na da ƙungiya, masu wankin mota ma sun san farashinsu. Mu masu kwamfuta kowa gwani ne shi kaɗai.

45/ Ƙannena masu tasowa, ban ce kar ku taɓa shiga gasa ba. Na ce kafin ka buɗe kwamfuta ka gangara ƙasa ka karanta sharuɗɗa. In ka ga an ce duk abin da aka turo ya zama nasu, rufe shafin. In babu sharuɗɗan ma gaba ɗaya, babu sunan alƙalai, babu ranar sanar da sakamako, wannan ya fi muni.

46/ Ka kuma san haƙƙinka. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris ɗin 2023, asali aikin na wanda ya ƙirƙira ne, kuma mallaka ba ta komawa hannun wani sai a rubuce. Shi ya sa suke cusa wancan layin a sharuɗɗa. Sun san darajar abin da suke karɓa, kai ne ba ka sani ba.

47/ In aikin nuna gwaninta kake nema, ga masallacin unguwa, ga gidan marayu, ga innarka mai sayar da yaji da ko takarda babu a jikin robarta. Yi musu kyauta, ka ɗauki hoto ka sa a shafinka. Ka samu abin nunawa, ka samu lada, kuma ka san fuskar wanda ka taimaka.

48/ Alhaji mai kamfani, in lallai sai ka ga hannu daban daban, ga hanya. Ka ce a turo ayyukan da aka riga aka yi a baya, ba sabo ba. Ka zaɓi mutum uku. Ka ba kowanne ɗan kuɗin gwaji. Wanda ka ɗauka ka cika masa, ku yi takarda. Zanen sauran biyun ya zauna a hannunsu, in kana so ka saya.

49/ Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenka. Ba ka taɓa kiran magina goma ka ce kowa ya gina ɗaki, wanda nasa ya fi kyau shi za ka biya ba. Ba ka kai shadda wajen teloli ashirin ba. Don aikinmu a allo yake, ba a ganin ƙura a jikinmu, shi ya sa kake ganin kamar danne danne ne kawai.

50/ Mun taso ana faɗa mana a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Ban taɓa jin an ce banda wanda ya yi gumin a gaban kwamfuta ba, ko banda wanda aka kira aikinsa gasa. Mutum 199 ɗin nan suna da iyaye, wasu da bashin data suka shiga.

51/ Su ukun da suka turo min sanarwar, na gode, na san alheri kuke nufi da ni. Na rubuta wa kamfanin cikin ladabi, na tura musu ayyukana na baya da farashina, na ce in suna so mu zauna. Har yanzu ba su amsa ba. In sun amsa zan sanar da ku a nan.

52/ Wanda irin abin da ya same ni ya taɓa samunsa, ya ba da labarinsa a ƙasa, amma kar a kama suna, ba tonon silili muka zo yi ba. Masu zane da marubuta na kusa da ke son mu zauna mu tsayar da mafi ƙarancin farashi da takardar yarjejeniya ta Hausa, ku taɓo ni ta bayan fage. Allah ya ba mu na halal, ya sa albarka a sana'a.